Sirrin Tela da Bijiman Yayana

Garinmu ba tsohon gari ba ne. Iyayenmu aka taso daga inda ruwan Tiga ya cinye, aka sauke su a nan tsakanin Tudun Wada da Burumburum, aka nuna wa kowa fili aka ce ga gonarka. Da yake babu kukar kakanni, babu gamban da ya raba gona da gona, rigimar iyaka ta yi yawa a shekarun farko, kuma da rantsuwa ake kashe ta. Mutum ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a gaban dattawa, magana ta ƙare. An ce wani ya taɓa dafawa a kan kunyoyin da ba nasa ba, damina ba ta fita ba sai da hannun ya shanye. Ni ban ga mutumin ba, amma na taso na tarar da tsoron a raye. Mu mutane ne masu surutu. In akuya ta haihu da hantsi, kafin azahar mutanen Kiru sun san ko tagwaye ne, balle yanzu da kowa ke da waya a aljihu. Amma in ka sa ɗan garinmu ya dafa Littafi, ko uwarsa ba za ta ji ba.

Ina da maƙwabci Kirista, Bahaushe kamar ni, kakanninsa Maguzawan wajen Doguwa ne. Gyaran injin ban-ruwa yake yi, shi ya sa muke ce masa Injiniya. Da rani bayan la'asar a gindin darbejiyar ƙofar gidansa muke zama, shi hannu dumu-dumu da baƙin mai, ni ina duba tsofaffin takardun ajami da na gada wurin mahaifina. Na ukunmu wani tela ne, ɗan gari, amma tun yana saurayi ya tafi kudu, bai dawo ba sai da gemu ya yi furfura. Ya zo da keken ɗinki da dogon carbi. Ɗinkinsa kuwa, in ya yi maka wando sai ka koyi tafiya irin ta wandon, don haka lokacin saurare bai yi masa ƙaranci ba.

Wata yamma ina rera wata tsohuwar waƙa a kan alamomin ƙarshen zamani, Injiniya ya tsokane ni, ya ce mu da su duk zaman jira muke yi, bambancin kawai wanda za a fara gani a bakin hanya. Na tambaye shi abin da littafinsu ya ce a kan Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya ajiye sifanar da yake gyaran inji da ita ya ce akwai abin da ke ɗaure masa kai tun yana yaro a coci. A littafin nasu, Almasihu yakan warkar da kuturu ko makaho, sannan ya ja masa kunne kada ya gaya wa kowa. Almajiransa ma da suka gane ko shi wane ne, sai ya hana su faɗa. Da 'yan uwansa suka matsa masa ya shiga birni ya nuna kansa, ya ce musu lokacinsa bai yi ba tukuna. Na ce to malamanku me suka ce. Ya ce fastonsu yakan ce mutanen wancan zamani sarki mai takobi suke jira, wanda zai kori masu mulkinsu, da sunan ya fita da wuri da sun sa masa rigar da ba tasa ba. Kuma Allah ya yanka wa komai sa'arsa, ba a gaggauta ta.

Akwai abubuwa da yawa da muka saɓa da Injiniya a kan wannan Annabi, kuma tun tuni muka yi alkawari ba za mu yi kokawa a kansu a gindin bishiyar nan ba. Amma cewa al'amarin Allah yana da lokacinsa, wannan babu gardama, na gaya masa haka. Sai ya yi dariya ya ƙara da cewa ai mutanen ba su yi shiru ba. Yadda ya hana su haka labarin ya yi ta bazuwa, har ta kai ba ya iya shiga gari saboda taro.

A nan ne na lura keken tela ya daina ƙara.

Bayan 'yan kwanaki ya same ni a zaure, ya ce in karanta masa siffofin Mahadi yadda suke a waƙoƙin magabata, wai don ƙaruwa. Na karanta masa: faɗin goshi, wushirya, tawadar Allah a kunci. Yana ji yana shafa fuska. Goshi dai yana da shi, don sanƙo ya kai masa har tsakiyar kai. Abin da ke bakinsa kuma giɓi ne, kowa ya san babur ne ya kayar da shi. Tawadar Allah ce babu, amma da ya dawo a mako na gaba ta fito a kuncin dama, baƙa wuluk, sai dai ranar da aka yi zafi takan ɗan gangaro.

Zuwan nan na biyu ya ce amana ya kawo mini mai nauyi, ba zai sauke ba sai na dafa. Mutane sukan zo wa malami da irin wannan, ciwon da ake jin kunyar faɗa ko wata ɓaraka ta cikin gida, don haka na yi alwala na dafa. Ya matso har ina jin warin man keke a jikinsa, ya ce shi ne wanda ake jira. An nuna masa a barci. Amma lokaci bai yi ba, kada in gaya wa kowa, kuma ran da aka yi masa izinin bayyana ni ne wazirinsa. Na ce ya ji tsoron Allah ya koma kan kekensa. Ya yi murmushi ya ce musun malamai ma yana cikin alamomin.

Na san rantsuwa tana da kaffara, amma ban ga dalilin da zan buɗe rumbuna in ciyar da mutum goma saboda mafarkin tela ba. Na ɗauka hauka ce mai sanyi, wadda ba ta jifa. Na yi shiru.

Abin da tela ya manta shi ne garin da ya dawo. A inda ya yi zamansa rantsuwa gishirin magana ce, ana yin ta a kan kuɗin albasa. Ya ji Injiniya ya ce hani ne ya baza labarin Almasihu, sai ya ga in hani da baki ya tara jama'a haka, hani da Alƙur'ani ai sai ya tara duniya. Ya zauna yana jiran gari ya ɗauka. Gari kuwa tsit. Yakan leƙo zaurena ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya tambaya ko ban ji ana wata magana a majalisa ba. In ce ban ji ba. Ya ce ko a masallaci? In ce ko a masallaci. Sai fuskarsa ta faɗi, ya ce madalla da masu riƙon amana, ya fita yana jan ƙafa.

Na ga wasu abubuwa da ban ba su muhimmanci ba a lokacin. Na ga magidanci ya waiga hagu da dama, sannan ya durƙusa ya gaida tela kamar surukinsa. Na ga wani ya nufi gidan tela da asubar fari rigarsa tana motsi tana kukan kaza. Wanzaminmu kuma, wanda kafin ya gama maka aski ka ji wanda ya saki mata har a Bebeji, ya koma aski shiru kamar mai zaman makoki, har ya rame. Muka ce ciwon shawara ne, aka yi ta kai masa saiwoyi.

Sai abin ya shigo gidanmu. Yayana shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi ta noma ni ina karatu. Yana da bijimai biyu na huɗa da ya raina tun suna maruƙa. Da su yake huɗe gonarsa ta masara, da su yake yi wa mutane huɗa a biya shi, kuma bakunan gidansa, waɗanda ba kaɗan ba ne, daga bayan garmar nan suke ci. Mutum ne miƙaƙƙe, bai taɓa cin na wani ba. Bai kuma taɓa riƙe komai ba a duniya, ko shugaban gayya ba a taɓa yi da shi ba. Ban san wannan yana damunsa ba.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai matarsa ta zo wurina. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce bijimai ba sa turke. Maigida ya ce ya kai su kiwo wurin wani Bafulatani a gefen Falgore. Ta ce ita dai tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin an kai shanun huɗa kiwo ana saura ƙiris ruwa ya sauka ba. Kuma ya sayi farin yadi ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, in ya ga ba kowa sai ya ɗauko ya gwada naɗi, ya yi ta kai da komo a ɗaki yana takawa sannu-sannu.

Na same shi a ƙofar gida yana zaune a kan garma.

"Yaya, ina bijimai?"

"Suna inda ya kamata."

"Ruwa fa ya kusa."

"Kai da karatunka," in ji shi, "ba ka san komai da lokacinsa ba?"

Daga jin kalmar na san bakin da ta fito. Ba ni da ikon in ce na sani, shi ma ba shi da ikon ya ce akwai abin sani. Muka zauna muna kallon turke babu shanu. Can ya dube ni da tausayi ya ce in kwantar da hankalina, duk inda ya samu kansa ba zai manta da ni ba.

Ruwa ya sauka. Masu ba shi huɗa suka zo suka tarar da turke wayam, suka wuce wurin wasu. Gonakin maƙwabta suka yi kunya-kunya, tasa tana kwance ciyawa na tsirowa. Na je wurin tela na ce ya mayar wa bawan Allah shanunsa. Ya ce shi bai karɓi komai ba, an dai kawo don hidimar al'amari, kuma hannun da zai riƙe jama'a bai kamata ya yi kanta da garma ba. Na ce zan tona. Ya tuna mini na dafa. Sannan ya rage murya, idonsa yana ƙyalli, ya ce ko da yake ɗan Adam ajizi ne, in bakina ya suɓuce a gaban mutane shi ba zai riƙe ni ba.

Wannan ta sa na kwana biyu ina juyayi, don na gane tonawar ita yake nema tun farko. In na faɗa na zama sanƙiransa mai yi masa shela, in na yi shiru damina ta wuce Yaya. Daga baya na ga cewa gonar ba za ta jira in gama tunani ba. Na sa aka buɗe rumbu.

Neman mabukata goma a farkon damina ba wuya ba ne a garinmu, wahalar ita ce ka zaɓa ba tare da ka ci fuskar kowa ba. Na aika musu ɗaya-ɗaya, har da wanzami, tun da ramarsa ta hana shi aiki sosai. Na kira Yaya a matsayin babba, na kira Injiniya a matsayin maƙwabci. Aka yi tuwon dawa miyar kuka da man shanu, aka auna wa kowane daga cikin goman mudunsa ya ajiye a gefe. Da suka wanke hannu suka fara addu'a, na ce su dakata, wannan ba sadaka ba ce, kaffara ce. Na dafa Alƙur'ani a kan ba zan faɗi wata magana ba, yanzu kuma zan faɗe ta.

Wani ya ja jiki daga kusa da ni, ko don kada abin da zai sauko ya haɗa da shi.

Na ce tela ya gaya mini shi ne Mahadi. Na duba fuskoki ina jiran salati ko dariya, ban ga ko ɗaya ba. Kowa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma, wasu har da ɗan murmushi irin na wanda aka kawo masa tsohon labari. Yaya ma ya gyara zama ya kumbura kaɗan. Sai na ƙarasa, na ce kuma ya yi mini alkawari ran da ya bayyana ni ne wazirinsa.

Nan kawuna suka ɗago gaba ɗaya. Wanzami ya buɗe baki, ya tuna, ya cije leɓe har idonsa ya kawo ruwa. Babu mai iya cewa komai, kowa da takunkuminsa. Suka dinga kallon juna, wannan ya kalli wancan, wancan ya kalli na gefensa. Daga can wani tsoho mai saƙar tabarma ya yi gyaran murya.

"Malam, tambaya ce da ni, ta ilimi kawai. In mutum ya dafa, kuma ba shi da abin ciyar da goma ko tufatar da su, yaya zai yi?"

Na ce azumi uku.

"To. Don ƙaruwa na tambaya."

Na kusa da shi ya ce shi ma don ƙaruwa, a jere ake yi ko a rarrabe? Wanzami ya ce ko mutum zai iya ɗaukar niyya yau ya tashi da shi gobe? Injiniya ya sa hula a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Yaya kuwa ya ture kwano gefe. Ya miƙe, ya tsaya a kaina.

"Waziri ya ce maka?"

"Waziri, Yaya."

Ya sa takalmi ya fita.

Kwanakin da suka biyo baya ba a taɓa ganin irinsu ba a garinmu. Ba watan azumi ba, ba Litinin ba, ba Alhamis ba, ga aikin gona ya kankama, amma rabin magidanta leɓe a bushe. Mai shayi ya zauna shi da ƙudaje. Mata suna dafa abincin rana ana dawo musu da shi, an ce wai nafila ce ta kama gari. Ran da azumin ya cika kuwa, tun kafin a watse daga sallar magariba aka fara tone-tone. Liman ya yi sallama, wanzami ya juya ya fara zuba kamar an fasa madatsa. Aka lissafa wazirai aka ga sun fi sahun gaba yawa. Har mai gadin makarantar firamare waziri ne, har kurman da ke kiwon awakin mai gari, shi ma an yi masa bayani da hannu. Abin da ya fi ba ni mamaki, ƙalilan ne suka yi fushi a kan kaji da hatsin da suka kai. Yawancinsu ciwon rasa kujerar waziri suke ji.

Na tambayi Injiniya ko shi ba a zo masa ba. Ya ce an zo, an ba shi sarautar Kiristocin duniya baki ɗaya, kuma da yake babu abin da za a sa shi ya dafa, da baki kawai aka hana shi. Na ce to me ya sa ka yi shiru, kai da ba takunkumi? Ya ce su Kiristoci gidaje uku ne kacal a gari, shi zai tona Mahadin Musulmi? Sannan ya ce abin da ya dame shi, a bakinsa mutumin ya ɗauki dabarar, amma rabi ya ɗauka. A nasu labarin makaho ne ke yawo da idanu, shi ya sa ɓoyon ya gagara. Telanmu ko maɓalli bai taɓa dasawa daidai ba.

Ni da Yaya da dattawa muka je wurin tela. Muka same shi a natse, tawadar Allah sabuwa fil. Bai musa komai ba. Ya ce wazirci da yawa ba aibi ba ne, duniya tana da faɗi, kowa da yankinsa. Sannan ya nuna ni da carbi ya ce ga wanda ya ɓata al'amari nan. Saura ɗan kaɗan a yi izini na yi gaggawa na tona kafin sa'a, yanzu an ɗage, bai kuma san zuwa yaushe ba. Na ji wani a bayana ya ce innalillahi, ba da wasa ba.

Da aka matsa masa a kan shanu, sai aka ji ɗaya yana nan wurin makiyayi a gefen Falgore, ɗayan kuwa tuni ya bi kasuwar Tudun Wada, wai an sayi yadin tutoci. Dattawa suka yanke a sayar da keken ɗinki a rage wa Yaya asara. Abin da keken ya kawo bai kai cinyar sa ba.

Yaya ya je ya koro ɗayan da kansa, a ƙafa. Sa ɗaya ba ya jan garma. Kafin ya samu wanda zai haɗa da nasa su yi karo-karo, lokacin masara ya wuce, sai wake ya zuba da 'yar dawa a gefe. Tela bai bar gari ba. Yanzu da allura da zare yake yin faci a ƙofar gidansa, kuma har yau akwai masu rage tsawo in za su wuce shi, ko da an ɗage ne da gaske.

Da kaka ta yi, rumbun Yaya bai kai rabi ba. Na sa aka ɗora buhunan masara a amalanke na kai masa. Ya daɗe bai shiga zaurena ba, ni ma ban matsa ba. Ya fito ya duba buhunan, ya sa yara suka shigar, ya yi godiya yadda ya kamata, ya sa mini albarka. Muka tsaya a bakin turke muna kallon san yana cin harawa shi kaɗai. Na yi sallama zan tafi sai ya kira ni.

"Malam."

"Na'am, Yaya."

"Duk da haka ka sani, a cikinku duka ni ya fara gaya wa."

Na ce haka ne, Yaya. Ya gyaɗa kai, ya ƙara wa san harawa.